Wadda Za Ta Gaji Pelegrina

Har yau in baƙi suka zo ɗakin ganawa sai sun tambaye ni wai da gaske ne Pelegrina kyakkyawa ce. Kyau a ina! Gajera ce mai faɗin kafaɗa, agana ta ɓata mata fuska tun tana ƙarama, ga cin ɗanyar albasa ba safe ba rana. Shekara talatin da ɗaya ina zaune a gefenta na hagu da molona, ni na san abin da hancina ya sha. Amma mutanen Venis, garinmu na kan ruwa, ba su taɓa ganinta ba. Muryarta kawai suke ji tana saukowa daga benen coci, ta bayan ragar ƙarfe da baƙin ƙyallen da aka rataya a kai, sai kowa ya koma gida ya ƙera irin matar da ransa yake so. Ni dai nakan ce musu e, kyakkyawa ce, don su tafi su ba ni wuri.

Sunana Dianora. A gidan marayun nan ba mu da sunan uba, da aikinki ake kiranki, shi ya sa nake Dianora mai molo. Ta hanya ɗaya muka shigo ni da Pelegrina, wato 'yar tagar nan ta jikin bango inda ake ajiye jariri a kaɗa ƙararrawa a ruga. Ni a cikin gari aka shayar da ni, ban ma san wadda ta ba ni nono ba. Ita kuwa ƙauye aka kai ta, can gindin duwatsu, wurin wata mata Orsola. Ta yi shekara bakwai tana kiran matar Inna, tana bin awaki tare da ɗanta Bortolo. Ranar da aka dawo da ita gidan nan sai da ta ciji mai tsaron ƙofa a hannu. Ni ban san waje ba, don haka bango bai taɓa damuna ba. Ita ta sani, kuma ba ta manta ba.

Lokacin da aka sa mu cikin mawaƙa, waƙar dā ake yi. Mu arba'in, an kasa mu kashi biyar, waɗannan su ɗauko, waɗancan su biyo, muryoyi su sarƙe da juna kamar saƙar tabarma. Daɗi kam akwai, sai dai ko kalma ɗaya ba ka iya tsinta. Kuma babu wadda ta isa komai a ciki. In wata ta yi mura, a ja ta baya. In ta samu miji, ko danginta suka zo nemanta, ta tafi, a tura wata gurbinta, ko fada, limamin cocin, ba ya lura. Gidan yana da tsohuwar doka cewa mawaƙiya ba ta fita sai ta koyar da wadda za ta gaje ta. Dokar nan ba ta taɓa tsare kowa ba, don wata shida ya isa ki koya wa yarinya ta shige cikin taro.

Sai ga Malam Bastian. Dattawan da ke riƙe da gidan su suka ɗauko shi ya koyar da mu, wani siriri mai saurin fushi da ya yi yawo a Roma da Filorens ya dawo da sabon yayi. Ranar farko ya saurare mu, ya toshe kunne ɗaya.

"Me kuke cewa ne?" in ji shi. "Mutuwa aka yi ko biki? Ni dai na ji hayaniya."

Shi murya ɗaya yake so, da molo ɗaya a ƙarƙashinta. In kalmar ta ce kuka, a ji kuka. In ta ce tsoro, murya ta yi rawa. Uwa Tadea, shugabar gidan, ta ce wannan ai waƙar gidan wasa ce, ba ta ɗakin Allah ba. Dattawa suka ce sauran majami'un gari duk sun fara, tamu ce kawai kujerunta suke wayam.

Ni ya miƙa wa wani molo mai wuya kamar sandar tuƙa kwalekwale, da takarda wadda ba komai a kanta sai sauti ɗaiɗai a layin ƙasa.

"Malam, ina sauran?"

"Sauran yana cikin kanki, in akwai wani abu a ciki. Ki saurari mai waƙar ki cika. Ke za ki bi ta, ba ita za ta bi ki ba. Kin ji, ko kurma ce ke?"

"Na ji, Malam. Ihun ne ya yi yawa."

Ya gwada mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Pelegrina, ta buɗe baki ta yi layi biyu, sai mutumin nan da bakinsa ba ya hutawa ya nemi kujera ya zauna. Tana da shekara goma sha tara a lokacin.

Waƙar da ya rubuta mata ita ce kukan Maryamu tana neman ɗanta. A makon azumi ta fara yin ta. Tunda ba a tafi a coci, mutanenmu in waƙa ta ratsa su sai su yi ta tari, suna gyaran murya, suna fyace hanci, suna jan ƙafa a daɓe. Ran nan da ta gama, ka ce mura ce ta kama garin gaba ɗaya. Muka leƙa ta ragar, muna dannar dariya. Pelegrina ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Dubi wancan mai jar hular, zai haɗiye gemunsa." Daga ranar kwalekwale suka fara cunkoso a bakin ƙofarmu duk Lahadi, muna ta murna, ba mu san abin da muka jawo ba.

Bortolo yakan zo sau ɗaya a shekara, bayan girbi, da cuku da busasshen ɓaure a ƙunshe. Rabin sa'a ake ba su, shi ta waje, ita ta ciki, raga a tsakani, ni kuma a kusurwa a matsayin mai sa ido. A shekarar da ta cika ashirin da shida ya zo yana murza hularsa.

"'Yar'uwa, idon Inna ya fara tafiya. Ta ce in faɗa miki ɗakinki yana nan. Na je wurin fadanmu ya rubuta mini takarda, in sun yarda ki dawo gida."

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta riƙe ƙarfen da hannu biyu ta ce, "Ka ce mata ta ajiye mini bunsuru, kafin sanyi ya shigo ina nan tafe."

Dattawa goma sha biyu suka zauna a kan takardar. Babbansu, Dattijo Alvise, mutum ne mai taushin magana, ba ya taɓa ce maka a'a kai tsaye.

"'Yata, wa zai hana ki zuwa wurin wadda ta shayar da ke? Doka ce kawai. Kawo mana wadda za ta gaje ki, gobe ma sai ki tafi."

"Ranka ya daɗe, akwai mawaƙa arba'in a gidan nan."

"Akwai. Amma mutane ba arba'in suke zuwa ji ba."

A nan ta gane, ni ma na gane. Sabuwar waƙar da ta fito da ita daga cikin taro ita ce ta kulle ta.

Ta ɗauki Agnesina, ta yi shekara uku a kanta. Yarinyar ta haddace komai tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Dattawa suka saurara, suka ce madalla, amma ko tari ba a yi ba. Ta ɗauki Lucieta, wadda ta fi ta, zazzaɓi ya ɗauke ta a shekara ta uku. Pelegrina ta yi mata kuka sosai, kuma ta faɗa mini da bakinta cewa rabin kukan na kanta ne, tana jin kunyar hakan. Duk shekara Bortolo ya zo da cuku, duk shekara labarin ya ƙara nauyi. Inna ba ta ganin hanya. Inna ba ta fita. Inna sai ta shafa fuskar mutum take sanin ko wane ne. Shi kansa furfura ta fito masa muna kallo ta raga.

Na taɓa ce mata, "To ki ɓata waƙar mana. Ki yi ta shaƙewa wata uku, su gaji su sallame ki."

Ta gwada. Aka kira likita, aka tsaga mata jijiya, aka hana ta albasa, aka kwantar da ita a ɗakin marasa lafiya da mai gadi. Sati biyu ta ce ta warke.

Sai Allah ya kawo Candida. Doguwa ce, mai baki, ba ta shakkar kowa, amma murya kam an ba ta. Pelegrina ta zube mata duk abin da take da shi, ba ta rage komai ba. Inda ake satar numfashi, yadda ake fara sauti siriri a kumbura shi a sake maido shi, yadda ake girgiza maƙogwaro a ƙarshen layi ba tare da an yi kukan akuya ba. Shekara shida suna abu ɗaya.

"Yaya, na gaji," in ji Candida. "Sau nawa zan nemi ɗan nan? Ai ya isa a ce an gan shi."

"Sake. Kin ce 'ɗana' kamar kina kiran mai sayar da kifi."

Akwai wani wuri a waƙar da ba ya cikin takarda. Inda Maryamu take cewa "ina kake," nakan kaɗa sauti mai ɗaci, irin wanda kunne yake ƙosawa a warware masa, sannan in ɗaga hannuna daga tsirkiya in jira. Cocin ya yi tsit. Sai Pelegrina ta shigo a hankali, daga ɗan ƙasa, ta jingina a kan sautin har ya kwanta. Ba Malam Bastian ya koya mana ba, mu biyu muka tsinto shi tun muna 'yan mata, kuma nan ne mutane suke narkewa. Har wannan ta koya wa Candida. Candida ƙirgawa take yi a zuci, ɗaya, biyu, uku, ta shigo. Amma daga ƙasa wa zai sani?

Pelegrina tana da shekara talatin da takwas ta sake zuwa gaban dattawa, wannan karon da dabara.

"Ranka ya daɗe, kun ce kunnenku ne alƙali. To ranar Lahadi mu biyu za mu yi waƙar nan ɗaya bayan ɗaya a bayan ƙyalle. In kun iya nuna wacce ce ni, na haƙura. In kun kasa, ku sallame ni."

Dattijo Alvise ya yi dariya, abin ya ba shi sha'awa. Ya yarda a gaban shaidu. Aka ce za a zagaya da akwatin ƙuri'a tsakanin dattawan kamar kullum, farin ƙwallo ga wanda ya ce ta farko ce Pelegrina, kore ga wanda ya ce ta biyu.

Ranar Asabar da hantsi ta same ni a tsakar gida ina shanya. Ta riga ta ɗaure 'yan kayanta a ƙunshi, ta raba sauran.

"Dianora, saurara da kyau. Candida ce za ta fara. In kun zo wurin nan, ki jira ta, ki ba ta fili sosai, su ɗauka ni ce. In tawa ta zo, kada ki jira ni. Ki wuce abinki kamar ba komai a wurin. Zan yi ta a bushe, irin ta Agnesina."

"To ke ba sai ki ƙi shiga ba, ko na jira?"

"Na san kaina. In kika buɗe mini wurin nan faɗawa zan yi. Rantse."

Na rantse mata da Uwar Almasihu. Ta yi ajiyar zuciya, sai kuma tsokana ta motsa.

"Ko ki biyo ni ne? Bortolo gwauro ne yanzu."

"Ni da awaki? Allah ya kiyaye. Warin albasarki ma ya ishe ni."

Muka yi dariya. Ta tafi, ni kuwa na tsaya riƙe da jiƙaƙƙen zane. Ba ni da uwa, ba ni da ƙauye, ba wanda ya taɓa kawo mini ko ɓaure ɗaya. Ita ke nan gare ni. In ta tafi, ni da wa zan riƙa gulmar masu jar hula? Tsoro nake ji, kuma ban faɗa mata ba.

Lahadi coci ta cika maƙil, labari ya zaga gari. Dattawa suna kujerun gaba, Bortolo yana can baya kusa da ƙofa, ya kwana biyu a hanya, ya bar kwalekwale yana jiransu. Candida ta fara. Kai, yarinyar nan ta yi abin kirki! Na jira ta a wurin, ta ƙirga ukunta ta shigo daidai. Da ta gama aka ɓarke da tari da jan ƙafa. Na hango Dattijo Alvise yana gyaɗa kai yana raɗa wa na kusa da shi. Pelegrina ta matse hannun Candida.

Sai ta miƙe ta fara tata. A bushe, kamar yadda ta ce. Kowane sauti a wurinsa, amma babu rai. Na ji kujeru sun fara ƙara a ƙasa, wani ma ya yi hamma. Abu yana tafiya yadda aka tsara, saura layi huɗu, saura biyu. Muka iso "ina kake." Na kaɗa sautin nan mai ɗaci, sai hannuna ya tashi.

Na daɗe ina cewa sabo ne. Haka na faɗa wa fada, haka na faɗa wa kaina, shekara goma sha tara hannu yana abu ɗaya a wuri ɗaya. Gaskiya ne da sabo ya tashi. Amma na ji tashinsa, kuma ina da lokacin da zan mayar da shi. Ban mayar ba.

Cocin ya yi tsit. Pelegrina ta juyo ta dube ni. Na ga maƙogwaronta yana motsi, tana kokawa da shi. Shirun ya yi tsawo, ya wuce uku, ya wuce biyar, sautin yana rataye ba mai sauke shi. Mutum ba zai gane ba sai wanda ya yi aikin nan, barin sa haka kamar a ce ka ga yaro zai faɗa rijiya ka naɗe hannu. Ta rufe ido ta shiga.

Wayyo Allah. Ban taɓa jin irinta ba, ko kafin ranar ko bayanta. Duk shekara goma sha biyun da ta yi tana jira suka fito a kalma ɗaya. Ba Maryamu ce take neman ɗanta ba, Pelegrina ce take kiran Inna. Tunda ta shiga kuwa ba ta iya komawa ba, ta kai waƙar har ƙarshe hawaye yana bin ramukan fuskarta. Da ta gama babu wanda ya yi tari. Sai can wata tsohuwa a tsakiyar coci ta fashe da kuka, sannan wurin ya rikice.

Aka zagaya da akwati. Kore goma sha biyu.

Dattijo Alvise ya hau bene da kansa, idonsa jawur, yana share hanci. "'Yata, kin gani? Ta farkon ta kusa ruɗa mu, amma ke ai babu irinki. Allah ya bar mana ke." Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi a ganinsa yabo ne. Uwa Tadea, wadda ta tsufa tukuf a lokacin, ta ce cikin haƙora, "Na faɗa tun farko waƙar nan ba za ta bar mu lafiya ba." Bortolo ya koma shi kaɗai. Shekarar da ta biyo aka aurar da Candida ga wani mai hura gilashi, ba wanda ya nemi ta bar magajiya, tunda ga Pelegrina.

Na so ta zage ni. Na so ta fasa molon a kaina, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Tana gaishe ni, tana miƙo mini gishiri a tebur, in aiki ya haɗa mu ta ce "daga farko" ko "ɗan sassauta," shi ke nan. Ƙunshin kayanta yana ƙarƙashin gado ba ta kwance ba. Na ji ta soma leƙa ajin ƙanana tana sauraron muryoyi, wai ko za ta samu ta huɗu. Shekara shida ake yi kafin a gyara murya, ita ma ta sani.

Bayan bikin Ista da sati uku aka ce Bortolo yana ɗakin ganawa. Ba lokacin zuwansa ba ne, kuma hannunsa babu komai. Na zauna a kusurwata.

"Ta tafi ranar Talata," in ji shi. "Ba ta sha wahala ba."

"Ta tambaye ni?"

Ya sunkuyar da kai. "Da na dawo ran nan ta ji takuna, ta ce takun mutum ɗaya take ji. Na ce an ɗaga zuwa girbi. Ta ce to."

Pelegrina ta gyaɗa kai, ta yi masa godiyar ɗawainiya, ta ce ya gaishe da yara. Ta hau sama ta jawo ƙunshin, ta kwance, ta jera kayan a inda suke dā. Ba ta sake kai takarda gaban dattawa ba. Ta ƙara shekara goma sha biyu tana waƙa a bayan ragar nan, a gidan nan ta rasu, a nan aka binne ta.

Washegarin zuwan Bortolo muna da gwaji da safe, mu biyu kaɗai a bene, coci babu kowa sai mai shara. Waƙar nan ce dai, don wasu manyan baƙi sun roƙa a maimaita musu. Da muka iso wurin, na kaɗa sautin na wuce da sauri, ban ɗaga ko yatsa ba, abin da ya kamata in yi tun ran nan. Sai ta miƙo hannu ta dafe tsirkiyoyin, molon ya yi shiru. Karon farko ke nan da ta dube ni ido cikin ido tun ranar ƙuri'a.

Na buɗe baki in ce ta yafe mini, sai ta riga ni.

"Koma baya," in ji ta a hankali. "Ki jira ni, Dianora. Saurin me kike yi yanzu? Ina za ni?"